Fitilu Arba'in na Malam Sha'aban

Shekara ashirin da biyu cur, a unguwarsu a Azare, da wuya mutum ya sayi bokiti ko fulas ko takalmin makarantar ɗansa bai fara bi ta zauren Malam Sha'aban ba. Shi ba mai shago ba ne, ba kuma dillali ba. Abin da ya mallaka duk duniya suna ne, wai hannunsa ba ya kuskure wajen zaɓen kaya. Da sunan yake tinƙaho, saboda shi ake kawo masa goro, kuma in ka ɗauke shi, abin da zai rage tsoho ne mai fansho da huluna huɗu da yawan surutu.

A Gololo aka haife shi, gidan manoma. Mahaifinsa irin mutanen nan ne da za su ɗaga damin gero su faɗa maka kwano nawa zai bayar tun ba a sussuka ba. Sha'aban bai gaji noman ba, don shi da rana ba sa ga maciji. Abin da ya tsinta a wurin uban magana ce guda: abin kirki nauyi gare shi. Da ita ya sauka Azare a 1984, ya sami aikin kula da sito a wata makarantar kwana, ya shekara talatin da biyar yana ƙirga tsintsiya da katifa, har ya ɗauki kansa masanin kayan duniya.

Yadda yake aikinsa kowa ya haddace. Za ka kawo masa kayan, ya miƙa hannun dama, ka ɗora. Sai ya lumshe ido, ya ɗaga sau uku kamar mai auna zinariya. In ya ce akwai ƙarfe a ciki, ka saya. In ya taɓe baki ya ce iska ce, ka mayar. Sa'ar da ya ci ita ce tukunya da kwaɗo da fartanya da bokiti duk sun yarda da dokar mahaifinsa. Ranar da dokar ta ƙi, kamar shekarar da ya sa iyaye tara suka saya wa 'ya'yansu wasu takalma masu nauyin turmi har ƙafafun yaran suka yi bororo, sai ya ce yaran zamani ne ba su iya tafiya ba.

Sauran shawarwarinsa kuwa, waɗanda suka fi amfani, ba nasa ba ne. A ƙara lamba ɗaya a takalmin yaro. A ɗauraye fulas da ruwan zafi kafin a zuba kunu, ya fi daɗewa da ɗumi. A bar sabulun wanki ya sha iska mako guda kafin a taɓa shi, ba ya saurin narkewa. Duk wannan daga bakin matarsa Larai yake jinsa tana faɗa wa maƙwabta a tsakar gida. Sai ya naɗe, ya fita zaure, ya gyara zama ya ce binciken da ya yi ne ya nuna masa. Mutumin da ko hularsa bai taɓa wankewa ba, shi ne malamin sabulu. Larai ta sani, ta kuma daɗe da daina magana. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A farkon 2023 'yarsa Juwairiyya, wadda ke aure a Katagum, ta zo da labari. Matan da ke bandar kifi a unguwarsu suna da ƙungiya, su arba'in, shugabarsu Hajiya Gumsu. Masu sayen kifinsu ta waya suke nemansu, wayoyin kuma kullum a mace, ga yara na son hasken karatu. Sun yanke shawarar kowacce ta mallaki fitilar sola mai cajin waya, a saya gaba ɗaya. Da ake neman wanda zai zaɓa, Juwairiyya ta miƙe ta ce mahaifinta ne ya san kan kaya a duk ƙasar Katagum.

Malam Sha'aban ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Sunansa ya wuce unguwa, ya wuce gari, har bakin kogi. Ya sa aka goge masa babbar riga.

Da safen ranar kasuwa, yana shirin fita, Larai ta ce masa wannan kayan wuta ne, ba tukunya ba, ya kamata a sayi guda ɗaya tukuna, a kai wa mai gyara ya duba, a yi mako ana gwadawa.

"Larai," in ji shi, "ki tsaya a kan miyarki. Ni na taɓa shiga madafa na ce gishiri ya yi yawa?"

"Kullum, Malam."

Ya yi kamar bai ji ba.

A shagon Gali mai kayan lantarki suka haɗu da Hajiya Gumsu da Juwairiyya. Gali ya fito da iri biyu. Ɗaya ƙarama ce, sakayau, da takardar garanti ta shekara guda, ta kuma fi tsada. Ɗayar ƙatuwa ce, ja, da rediyo a jiki da hoton zaki a kwali. Gali ya faɗi gaskiya a gaban kowa: ƙaramar ita ce a gidansa, babbar kuwa sabon kaya ne, bai san halinta ba, kuma in ta fita daga shago ba ta dawowa.

Malam Sha'aban ya miƙa hannu. Aka ɗora ƙaramar, ya ɗaga sau ɗaya, ya ajiye kamar an ba shi mataccen ɓera. Aka ɗora babbar. Ya lumshe ido, ya ɗaga sau uku, fuskarsa ta washe. Ya bayyana wa Hajiya cewa wuta ma nauyi gare ta, batirin da ya ƙoshi dole ya rinjayi hannu, kuma ɗan kasuwa ba ya yabon kaya sai wanda ya fi ba shi riba. Hajiya Gumsu ta tambaya ko a ɗauki biyar a fara gani. Ya ce mai shakka ba ya cin kasuwa, shi kuma ba a taso shi daga gida don fitila biyar ba. Aka ɗaure kwali arba'in, aka kai tasha.

Kwana goma sha tara bayan haka Juwairiyya ta kira. Fitilu goma sha ɗaya sun daina riƙe caji. Ya ce matan ba su iya shanya su a rana ba. Da wata ya cika, talatin da uku sun mutu, sauran bakwai kuma haskensu bai fi na ƙyastawar ashana ba. Ya ce hayaƙin banda ne ya toshe su. Mai hankali da nan ya yi shiru ya bar ƙura ta lafa. Shi kuwa sai ya ga dama ce ta samu ya koyar da mata arba'in a zama ɗaya. Ya sake sa babbar riga, ya hau mota zuwa Katagum.

Da hantsi ya isa gidan Hajiya Gumsu. Tsakar gidan cike da mata, ga tandunan banda suna hayaƙi, ga fitilun an jera su a kan tabarma kamar gawawwaki. Aka ba shi kujera da ruwa. Ya yi kusan rabin awa yana bayani kan yadda ake fuskantar da farantin sola gabas da yadda ake goge shi da tsumma mai laushi. Matan suka bar shi ya gama. A gefe wani magidanci na zaune da ƙaramar jakar kayan aiki. Hajiya ta gabatar da shi: Babagana ne, mai gyaran rediyo da waya a kasuwar garin, ita ta kira shi.

"Baba Malam, a ba ni izini in buɗe ɗaya," in ji Babagana.

Malam ya ce ya buɗe, zai ga batirin da bai taɓa gani ba.

Kusoshi huɗu ne. Da murfin ya tashi, sai ga wani ɗan batiri da bai fi babban yatsa ba, an liƙe shi a kusurwa. Sauran cikin duka leda ce ɗaure, an naɗe ta da salatif. Babagana ya huda ta da bakin sukudireba, yashi ya zubo a kan tabarma. Ya buɗe ta biyu, ya buɗe ta uku. Hajiya ta sa aka kawo roba aka tara.

"Malam," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba, "mu da muke kwana mu tashi a bakin kogi, yashi ka aiko mana daga Azare? Da ka faɗa, da mun cika maka mota kyauta."

Wata daga baya ta ce ai nasa na ƙasar waje ne, ya fi daraja. Dariya ta ɓarke. Juwairiyya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam Sha'aban ya sunkuya ya ɗebi yashin ya murza, kamar akwai wata amsa a ciki. Sannan ya shiga rabon laifi. Ya ba masu ƙerawa nasu, ya ba Gali nasa, ya ba zamani, ya ba 'yarsa da ta jawo shi cikin harkar mata. Kansa kaɗai ya tsallake. Ya ce hannunsa bai yi ƙarya ba, ya ce akwai nauyi, kuma ga nauyin kowa ya gani. Hajiya Gumsu ta ce haka ne, Allah ya huta gajiya. Ko kifi ɗaya ba a ƙunsa masa ba.

Labarin ya riga shi isa Azare, don direban da ya kai fitilun shi ya dawo da zancen. Gali ya ƙi karɓar kayan, yana da shaidu a kan abin da ya faɗa. Makon farko mutum biyu suka shigo zauren, su ma don su ji daga bakinsa. Mako na biyu ba kowa. Masu wucewa da sabon kaya suna yi masa sallama daga nesa, su mayar da ledar ɗaya hannun. Shi kuma yana zaune yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa mutanen yanzu ba sa son mai faɗa musu gaskiya.

Ana nan sai ga saƙo daga Katagum: buhu ƙarami, an rubuta sunansa a jiki da gawayi. Yashin fitilu arba'in ne, Hajiya ta ce a mayar wa mai shi. Ya ce a zubar. Larai ta tankaɗe shi da rariya, ta wanke, ta shanya, ta zuba a kasko ta soya gyaɗa da shi. Da la'asar ta aika masa kwano guda zaure. Ya zauna shi kaɗai ya cinye tas, sannan ya leƙa cikin gida ya ce wuta ta yi mata yawa.