Ƙarin da Ya Fito wa Yaya a Wuya

Yayana falken shanu ne, gidansa a Kurfi, ni kuma ina koyarwa a Dutsin-Ma. Shekarun farko bayan samun 'yancin kai wani ƙari ya fito masa a wuya, kamar ƙwan zabo. Wanzami ya yi ƙaho, an shafa saiwoyi, abin sai girma yake. Da ya fara hana shi haɗiyar tuwo, ya yarda muka je asibiti. Likita ya ce sankara ce, maganinta kuma sai ƙasar waje.

"To, dama ina da niyyar Hajji," in ji Yaya. "Mu biya ta Misra."

Ni na raka shi, saboda ɗan Turancina.

A wani asibiti a can aka zana masa alama a wuya da shuɗin tawada, aka ce kada ruwa ya taɓa ta. Sannan aka kwantar da shi ƙarƙashin wani ƙaton inji mai kai kamar tulu, kowa ya fice. Ta wata 'yar taga nake hangensa. Injin ya kama kewaya shi a hankali, shi kuwa ya sandare, bakinsa kawai ke motsi da salati.

Da ya fito ya ce, "Malam, tambayi likitan nan, me ya sa abin nan yake zagaya ni kamar mai son saye?"

Likitan ya ce wani haske ne da ido ba ya gani. In ya tsaya wuri guda zai ƙona fata, amma in yana juyawa, zafin duk a kan ƙarin yake haɗuwa.

Yaya ya ce, "Na gane. Tsire ne. Sai dai nan wutar ke juyawa, naman na kwance."

Ya sha wuya. Wuyan ya yi baƙi, miyau ya ƙafe, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Amma ƙarin ya yi ta motsewa, kafin mu hau Arfa ya ɓace.

Da muka dawo Kurfi, muryarsa ta dishe, ba ta ƙara komawa daidai ba. A kara, kasuwar shanu, sai ya riƙa yin ciniki da raɗa, masu saye na matsowa kusa, kowa na zaton shi kaɗai ake yi wa rangwame. Ya rayu har ya ga jikoki, yana goya su a bayan keke zuwa gona.