Katakon Baba a Bangon Falona

Shekarar da idanun Baba suka tafi, yayyena suka kwashe kayan rumfarsa ta nama suka jibge a bayan gidanmu na Ƙofar Atiku. An raba wuƙaƙe, an ba da ƙugiyoyi. Abin da ya rage shi ne katakon da ya yi rayuwarsa yana sarar nama a kai, wani jibgegen falle mai kauri, tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi, ko'ina sawun wuƙa. Matar yayana har ta sa masa ido don murhu. Na ce sam, na ɗora shi a keke na kai shi gidana a Sama Road.

Wani abu ne na gani a waya. Wai mutane na rataya tsohon katako a bango yadda yake, da tsagarsa da tabonsa, su ce ado ne. Da farko dariya na yi, daga baya na kama kaina ina ta komawa ina kallo. Burina ɗaya ne, ranar da Baba zai zo gidana in ɗora hannunsa a kai ya shafa ya gane abinsa. Tun da ya bar kasuwa ya zama shiru-shiru, kuma shirun nan yana cin raina.

Wankinsa kaɗai ya isa wahala. Ruwan zafi, toka, lemun tsami, burushi, amma ƙarnin kitse ya ce yana nan daram. Na shanya shi a tsakar gida, magen maƙwabta ta tare a kansa kamar an ba ta haya. Da ya bushe na shafe shi da man gyaɗa, sawun wuƙar suka fito raɗau. Sai wajen ƙusa. Iccen nan ya ƙi ƙusa ƙiri-ƙiri, duk wadda na buga sai ta lanƙwashe, ƙarshe babban yatsana ne ya sha guduma. Da ƙyar na kafa zobba biyu, na zura igiyar rama na rataye shi.

Na ja baya na duba. Wallahi ban san abin da nake gani ba. Wata rana ya yi mini kamar na cikin waya, wata rana kamar abin da aka tsinto a juji. Maƙwabciyata ta shigo, ta rage murya ta tambaye ni ko maganin baki ne. Wata ta ɗauka bangon ne ya tsage na rufe.

Maigidana ɗan kasuwar atamfa ne, abin da bai sheƙi bai shiga idonsa. Ya tsaya gabansa ya ce, "Wai ke, an gama shi ko ba a gama ba?"

Na ce, "An gama."

"To ina fentin?"

"Ba a yi mai fenti. Haka nan aka son shi."

Ya ce to, irin to ɗin da na sani ba to ba ne.

Ana jibi Baba zai zo, na tafi suna Ƙofar Kware. Na dawo na tarar da wani abu yana walƙiya a bangona. Ashe bawan Allah ya sauke katakon ya kai wa kafinta, an kankare shi sumul, an zuba masa mai mai ƙyalli. Ba rami, ba sawu ko ɗaya. Yana tsaye yana murmushi yana jiran godiya.

Na ce, "Mi kay yi haka?"

Ya ce, "Haba. Surukina shi shigo gidana shi iske mun rataya kayan sana'atai da dauɗa, kamar mun raina shi? Ba ni iya wagga kunya."

"Mutumin da bai gani?"

"Waɗanda ka rako shi suna gani."

Raina ya ɓaci matuƙa, amma na rasa inda zan kama faɗan, don girmama ubana ya yi. Na yi kuka, kuma a cikin kukan na ce masa na gode. Har yau ban san wanne ne na gaskiyar ba.

Da Baba ya zo ni ban so a kai shi wurin ba. Maigidan ne ya rusuna ya ce, "Baba, ɗan taɓa nan." Tafin hannun Baba ya zame a kai.

"Madubi na?"

Na ce, "Katakonka na, Baba. Na rumfa."

Ya sake shafawa, yatsunsa na neman tsakiya. Ya girgiza kai. "A'a, ɗiyata. Nawa na da rami nan, inda nika sara ƙashi. An ba ki na wani."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai hannunsa ya zagaya gefe ya shiga baya, ya tsaya cak. Ya ce a sauke shi. Maigidan ya sauke, Baba ya kife shi a cinyarsa. Ni ban taɓa kula da bayan ba sai wajen buga ƙusa, kafinta ma bai taɓa shi ba. Ashe akwai wani tsohon rami a can, ya yi baƙi, da sawun wuƙa birjik. Su mahauta in gefe ya lotsa juya shi suke yi.

Ya daɗe yana bin sawun da yatsa. Sannan ya ce, "Shi na. Wanga gefen nika aiki da shi sa'ad da anka haihe ki. Bisa nai niy yanka ragon sunanki." Ya juyo wajena. "To mi ya yi kunka rataye shi?"

Na ce, "Ado na, Baba."

Ya ce, "Ado," yana juya maganar, bai gane ba, ni ma ban ƙara bayani ba. Yinin ranar katakon bai bar cinyarsa ba, ya yi ta ba mu labarin kasuwa har abincinsa ya huce.

Bayan ya tafi na mayar da zobban ɗaya gefen, na rataye shi fuskar mai sheƙi tana kallon bango. Maigidan har gobe in baƙi sun zo yakan ce musu a juye na rataya shi.