Burtalin Yaya Lawali

Da shigowar damanar nan Yaya Lawali ya cika shekara tara a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma duk wanda ya san mu a Tsibiri ya san hali bai haɗa mu ba. Shi maganarsa kamar ana auna masa ita, ni kuwa Inna cewa take bakina ya riga ƙafata tafiya.

A gidan waya ya yi aiki, zamanin da ake buga tangaraho. Wani ɗan maɓalli ne ake dannawa, sauti gajere da dogo su haɗu su zama harafi, haruffa su zama saƙo. Da ya aje aiki sai ya koma gida, ya ɗaura dogon zaren waya bisa wani gawo, ya shiga sahun masu rediyon sha'awa, waɗanda ke karɓar izinin hukuma su yi zance da na nesa daga ɗakinsu. Shi ya jawo ni ciki. Sai dai ni ban ga abin da zai sa mai baki ya koma magana da yatsa ba, na sayi tawa na'urar mai makirfo na kafa a gidana da ke unguwar Zariya, cikin Maraɗi.

Zangon da aka ba mu a iska ɗan kaɗan ne, kuma kowa na so. Al'adar masu wannan sana'a ko'ina ita ce a bar wa masu tangaraho siririn gefe daga ƙasa, masu murya su ɗauki sauran. Murya cin fili gare ta. Inda mutum ɗaya zai baje da gaisuwa da tambayar iyali, masu tangaraho da yawa za su wuce ba wanda ya taka wani. Wannan gefen Yaya ya sa wa suna burtali, irin wanda ake bari tsakanin gonaki don dabbobi su wuce. Idan sama ta cika da hayaniya mukan matsa ƙasa kaɗan-kaɗan, ni ne ma kan gaba, sai ya hau kabu-kabu ya taho har Zariya don ya yi mini faɗa.

"Auta," in ji shi, "ba a cin burtali rana guda. Da kunya ɗaya-ɗaya manomi ka cin shi, kuma ba jandarma ka tsaron shi ba, kunya ce."

Dariya na yi a lokacin, don na ɗauka wasa da kalma ne kawai, kunyar gona da kunyar ido. Na matsa na bar gefen, amma don girmansa na matsa.

Daga baya ciwon maƙogwaro ya kama shi. Aka yi masa aiki, ya tashi da rai, murya ta tafi. Mutumin da dama ba ya son magana, ga shi an karɓe ta gaba ɗaya. A majalisar ƙofar gida sai ya zama ɗan kallo, ana yi masa sannu da ƙarfi kamar kunne ne ya mutu. Amma da an sallame la'asar ya shiga ɗaki ya dafa maɓallin nan, ya koma cikakken mutum. Yana tsokanar abokansa na ƙasashen da bai taɓa takawa ba, suna rama masa. Sun san hannunsa kamar yadda ake sanin tafiyar mutum daga nesa. Da mun cinye burtalin nan, da mun rufe Yaya tun yana numfashi. Wannan ban gane shi da wa'azi ba, da idona na gani, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Yanzu fa? Salula ta shiga aljihun kowa, mu 'yan rediyo mun ragu, amma wani abin mamaki iska ta ƙara cunkushewa da muryoyin maƙwabtan ƙasashe. Matasanmu, ƙarƙashin Isufu na Jiratawa, yaro mai ladabi da kaifin kai, suna so a mai da hirarmu ta la'asar can ƙasa inda ya fi shiru. Ranar Asabar za a zauna a yanke. Hujjarsu ba ta banza ba ce: tun rasuwar Yaya ba wanda ke bugawa a yankin nan, don me za a bar fili ga wanda babu?

Me Yaya zai ce? Na tabbata ba zai zagi salula ba, mutum ne mai son sabon abu. Cewa zai yi burtali da rani ma wofi yake, amma ba a shuka shi, don ba a san ranar da garke zai dawo ba. Kowa ya san in aka noma hanya, faɗa ake girba.

Da na ga baki kaɗai ba zai yi ba, sai na nemo maɓalli na fara koyo da furfurata. Gemu ba ya hana ilimi, sai dai yatsa ya yi tauri. Kowace la'asar nakan sauka burtali in buga kira, in saurara, ba kowa. Ran Talatar da ta wuce sai na ji an amsa, a hankali, da wani ɗan jan harafin ƙarshe da mutum ɗaya tak na sani da shi. Na haɗa haruffan da ƙyar, suka ba ni: Auta, rage gaggawa.

Ban tsaya neman hula ba na nufi Tsibiri. Na tarar da Hajiya Rabi, matar Yaya, zaune gaban na'urarsa, ta share mata ƙura. Ashe duk yamma takan kunna ta saurara.

"Mi kake kallo?" ta ce. "Shekarun da Malam ba shi da murya, da mi kake zaton munka yi zaman aure? Bisa faranti shike buga mani, in buga mai. Kai kuwa ko hannunka surutu gare shi."

Abin da ya rage na Yaya ke nan, ba gida ba, ba gona ba: hanyar da ya hana mu cinyewa, da hannunsa da ya bari a hannun matarsa. Ta ce in nemo mata yadda ake karɓar takardar izini da sunanta, kuma in zo in ɗauke ta ranar Asabar.

Isufu, ɗana, ka tanadi tabarma. Kai ka ce a nuna maka mai bin burtali, ga ta nan tafe.