Mun Ga Dala Ta Taga

Mun tashi daga Fagge da asuba, ni da wani abokina Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari. Shi sari ne zai kai shi Landan. Ni kuwa ƙanena zan ɗauko daga karatu, don jikin Inna ya yi tsanani, kuma ba ta da magana sai tasa. Tarho ya ƙi shiga, na ce gara in je da ƙafata, tunda yanzu kowane ɗan kasuwar Kwari jirgi yake hawa kamar motar haya.

Tafiyar ba ta kai awa shida ba. Muka keta hamada, muka haye teku, aka ba mu wani dankali maras gishiri da abokina ya ce ko akuyarsa sai an roƙe ta. Motar da ta taso daga Legas lokacin da muka tashi ba ta ko isa Kaduna ba, mu mun sauka ƙasar Turawa. Na sami yaron ya rame, na gaya masa abin da ake ciki, ya haɗa jakarsa yana kuka.

A dawowa aka cuce mu. Gari ya waye ranar Talata, jirgi ya sunkuyo, ga Dala, ga Goron Dutse, har rufin kwanon Sabon Gari muna gani ta taga. Sai muka ji ya sake ɗagawa. Wai ba za a sauka Kano ba, akwai manya a kujerun gaba da taro ke jiransu a Legas. Na miƙe na yi masifa har muryata ta dushe, ma'aikaciyar jirgin ta ce in zauna in ɗaura bel.

A Legas kowane jirgin Kano cike yake da 'yan kwangila, wanda ya san wani shi ke shiga. Muka yi wuni biyu a kan benci, lemon kwalba ya ninka kuɗinsa. Abokina ya bar kayansa a hannun kwastan, ya nemo mana motar wani ɗan garinsu, muka kamo hanya.

Muna shan kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida. Ƙanena ya durƙusa gaban Kawu.

Kawu ya ce, "Ranar Talata ne, bayan la'asar. Da safe ta ji ƙarar jirgi, ta ce a dama masa fura, ga shi nan ya iso."

Mu ne ta ji.

Rai na Allah ne, ban ja da wannan ba. Amma tafiyar nan ta nuna mini cewa a ƙasar nan jirgi ba ya sauka don uwar talaka. Waɗanda suka wuce da mu ta kanta don kada shayin taronsu ya huce, ban san sunansu ba, kuma ban yafe musu ba.