Abin da Malam Taswira Ya Faɗa a Ɗakin Malamai

Teburi ɗaya muka yi da Malam Taswira a ɗakin malamai tun ina sabuwar ɗauka har furfura ta fara fito mini, saboda haka duk wanda zai ba ku labarinsa a bayana yake. Ni lissafi nake koyarwa, shi labarin ƙasa. Yara ne suka laƙaba masa sunan, don ba ka taɓa ganinsa sai da naɗaɗɗiyar taswira a hammata, ko banɗaki za shi. Gajere ne mai sanƙo, aljihun rigarsa kullum fari fat da alli. Ni ina da saurin fushi, shi kuwa sai ka gaji da yi masa masifa bai ɗago kai ba. Da farko haƙurin nan nasa haushi yake ba ni.

Ɗan tela ne. Ya taɓa gaya mini yana yaro in'ina gare shi, kuma akwai malamin da kan tsayar da shi gaban aji ya yi karatu, 'yan aji na dariya, malamin na taya su. Yana faɗa yana murmushi, amma duk zamanmu ban taɓa ganin ya tsayar da yaro gaban aji ba. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, 'ya'yansu duka mata. Takan ce mini, rabi wasa rabi gaske, "Mijin nan nawa 'ya'yan mutane ya haifa, namu kuwa riƙo aka ba shi." Idan ta faɗa sai ya sosa sanƙonsa ya ce ta yi masa afuwa.

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan laburare inda ake zuba tsofaffin taswirori da kujerun da suka karye. Nan ne ofishinsa, ko da yake ba wanda ya ba shi. Idan yaro ya yi laifi a ajinsa ba ya duka, ba ya sa durƙuso. Sai ya ce, "Bayan an tashi ka zo ka taya ni liƙi." Yaro zai zo, sai a miƙa masa gam da yagaggiyar taswira, su zauna gefe da gefe suna liƙa bakin teku da ya rabu. Malam ba ya kallonsa, ba ya kuma tambayarsa komai. Ya ce mini yaro ba ya iya faɗin abin da ke cinsa ana kallon ƙwayar idonsa, sai hannunsa na aiki. Na yi masa dariya, na ce gam ɗin makaranta kawai yake ƙararwa. Amma na ga yara masu taurin kai sun shiga ɗakin nan sun fito ido jawur, washegari kuma sun zo da aikin gida.

Dogo yana ajin ƙarshe a shekarar da abin ya faru. Ya fi kowa tsawo a makarantar, wandonsa bai taɓa kai idon sawunsa ba, kuma kansa na ja, don a lissafi ba na jin na koyar da uku kamarsa. Matsalarsa latti. Kusan kullum sai an rufe ƙofa zai iso a guje, Sajan ya sa shi durƙuso a tsakuwa tare da sauran makararru. Sajan shi ne malamin ladabtarwa. Bai taɓa aikin soja ba, muryarsa ce ta jawo masa sunan. Dogo kan durƙusa ba gardama, har yana tsokanar na kusa da shi, sannan ya shigo aji yana kakkaɓe gwiwa, darasi na biyu kuma ya kifa kai ya yi barci.

Barcin ne ya kai shi ɗakin liƙi. Ya daɗe yana zuwa, sai wata rana yana shafa gam ya fara magana kamar da taswirar yake. Mahaifinsa ya tafi neman aiki bai dawo ba. Mahaifiyarsa ta samu taɓin hankali bayan haihuwar autarsu. Shi ke yi mata wanka da safe, ya lallaɓa ta ta sha magani, ya shirya ƙannensa biyu ya raka su firamare, ya dawo ya kulle ta a ɗaki kafin maƙwabciya ta karɓi mabuɗi. Wani lokaci ta yarda, wani lokaci ta riƙe ƙofa tana kuka. Da ya gama sai ya ce, "Malam, don Allah kada kowa ya ji." Malam ya ce ba wanda zai ji.

Ya riƙe maganar har tsakiyar zango na biyu, ko ni da muke teburi ɗaya ban sani ba. Sai aka kira taron malamai kan makararru. Shugaban makaranta ya gaji, Sajan ya fi shi gajiya, aka yanke cewa duk wanda lattinsa ya yi yawa a ajin ƙarshe za a dakatar da shi, a kira iyayensa, in ba su zo ba a cire shi daga masu zana jarrabawar fita. Sunan Dogo aka fara kira. Na ga Malam Taswira yana murza murfin bironsa. Ya ce a yi wa yaron uzuri. Sajan ya ce uzurin me, kowa da uzurinsa. Malam ya ce yana da dalili. Shugaba ya ce, "To, Malam, faɗi dalilin mana, ai duk mu nan iyayensa ne."

Wannan maganar ce ta cuce shi. Ya dubi ɗakin, mutanen da ya yi shekaru yana shan shayi da su, ya fara. Da na gane inda ya dosa na taka masa ƙafa a ƙarƙashin teburi, na taka da ƙarfi, amma ya riga ya buɗe baki. Ya faɗi komai, har da wankan da kulle ƙofar. Malamar Turanci ta share hawaye da gefen mayafinta. Sajan kansa ya ce, "Allah sarki," ya sunkuyar da kai. Aka cire sunan Dogo daga jerin makararru, shugaba ya ce maganar ta tsaya a ɗakin nan, kowa ya ce ai dole. Da muka fito na ce masa, "Malam, ka san abin da ka yi kuwa?" Ya ce, "Na ceto masa jarrabawa." Fuskarsa har wani haske take yi.

Ba wanda ya fitar da maganar da bakinsa, wannan zan iya rantsewa. Mu malamai mun iya riƙe baki, fuska da hannu ne ba mu iya riƙewa ba. Washegari Dogo ya iso a guje, ya nufi tsakuwa zai durƙusa, sai Sajan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wuce aji, ɗana." Sajan da bai taɓa ce wa ko ɗan cikinsa ɗana ba a gaban mutane. Yara sun fi ashirin a durƙushe suna kallo. Malamin kimiyya ya daina karɓar aikin gidansa, in ya zo kan teburinsa sai ya tsallake. Idan ya kifa kai, mai darasi ya sassauta murya ya ce a bar shi ya huta. Malamar Turanci ta zo da leda cike da kayan yara da zannuwa, ta kira shi bakin aji ta miƙa masa, tana ce masa ya gai da Mama, ya jikin nata. Ita a ganinta a hankali ta faɗa.

Yaran sakandare kuwa ba abin da ke wuce su. Suka fara haɗa wannan da wancan, aka samu wanda ya san unguwar su Dogo, wanda ya taɓa ganin wata mata na leƙe ta taga tana magana ita kaɗai. Kafin mako ya zagayo an daina ce masa Dogo. Ba zan maimaita sunan da suka sa masa ba. Abokansa na gaskiya ma suka rikice, suka daina tsokanarsa, in ya zo sai hira ta mutu. A ajina na ci gaba da yi masa tsawa kamar da, ba don na fi kowa hankali ba, don ban iya wani abin ba. Na lura darasina kaɗai yake ɗaga hannu, amma ko nan ya koma kujerar baya.

Ranar da abin ya fashe a bakin aji ne, lokacin hutun tara. Wani yaro ya yafa tawul a ka, ya riƙe ƙofar aji yana kwaikwayon kukan mace, wasu na ƙyalƙyala dariya. Dogo ya taka ya je ya naushe shi sau ɗaya, yaron ya zube, haƙori biyu suka fita. Aka kai su ofis. A dokar makaranta wannan kora ce, amma shugaba ya dubi Dogo da tausayi ya ce, "Mun san halin da kake ciki, je ka kawai." Na ga fuskar yaron a lokacin. Da bulala aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya ɗauki jakarsa ya fita, bai bi ta ɗakin liƙi ba, kuma bai sake zuwa ba.

Malam Taswira ya rame a idona. Ya daina shan shayi da mu, sai ya zauna yana gyara takardun da ya riga ya gyara. Da kwanaki suka ja ya roƙe ni in raka shi gidan, tunda akwai mace a ciki. Muka je bayan an tashi, rana na dukan kai. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, igiyar shanya ta ratsa tsakar gida, famfo ɗaya na ɗiga a kan bokiti. Muka tarar da Dogo zaune a bakin ƙofa yana taje wa mahaifiyarsa kai. Mace ce siririya mai tsabta, ta dube mu ta yi murmushi, ta tambaye mu ko mun ga mijinta a hanya. Dogo ya ce, "Mama, malamaina ne, shiga ciki ki huta." Ya kai ta, ya dawo ya ja ƙofar, ya gaishe mu har ƙasa.

Malam ya fara bayani, in'inar da ban taɓa ji ba ta dawo masa. Ya ce za a cire shi daga jarrabawa ne, ba shi da wata hanya, ya yi kuskure, ya yafe masa. Ya ce ya dawo, saura kaɗan, zai yi magana da malamai su daina. Dogo ya saurara har ƙarshe, yana cire gashi daga matajin.

"Malam, na san don ni kuka yi," ya ce. "Ban riƙe ku ba."

"To ka dawo mana, ɗana."

"In dawo in zama wa? A nan unguwar kowa ya san ni da ita. A asibiti da ita aka san ni. Makaranta ce kaɗai nake zuwa a ce Dogo ya makara, Dogo ya ci lissafi, a zage ni kamar kowa. Durƙuson nan da kuke ganin wahala ne, wallahi hutawa nake yi."

Na ce masa, da muryata ta aji, kada ya yi wauta, jarrabawa ba ta san wannan ba. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Na gode, Malama." Daga ciki mahaifiyar ta fara kiran sunansa tana buga ƙofa. Ya miƙe ya ce mu yi haƙuri, lokacin maganinta ne. A hanya na ji haushin Malam, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin dukanmu da muka iya kashe yaro da kirki.

Ya koma gidan shi kaɗai ba sau ɗaya ba. Ya kai masa takardun bita, ya roƙi shugaba kada a cire sunansa, aka bar shi. Kullum amsar ɗaya ce, gaisuwa har ƙasa da godiya. Daga baya maƙwabciya ta ce masa yaron ya fara bin wata motar kaya da rana, gara Malam ya daina wahalar da kansa.

Ranar jarrabawar lissafi ni da Malam aka sa tsaron babban ɗaki. Kujeru a jere, kowace da lambarta a liƙe, ta Dogo a layin taga. Ƙa'ida ce a ajiye takardar tambayoyi a kan kowace lamba, ko mai ita ya zo ko bai zo ba. Malam ne ya raba layin. Ya ajiye ta, ya daidaita ta da gefen teburin, ya je bakin ƙofa ya tsaya yana kallon get. Mai sa ido daga hukumar jarrabawa ya ce lokacin shigowa ya wuce, a rufe ƙofa. Malam ya ce a ɗan ƙara. Mutumin ya duba agogo ya ƙara masa kaɗan, sannan ya rufe da kansa.

Na bi ta layin na leƙa tambayoyin. Babu ko ɗaya da za ta tsayar da Dogo. Da aka kaɗa ƙararrawa Malam ya bi yana karɓar takardu, ya zo kan ta taga ya ɗauke ta yadda ya ajiye ta, ya sa a ƙasan sauran. Ya miƙa wa mai sa ido ya ce, "Ɗaya bai zo ba."