Ranar da Sagir Ya Jira Rubutu Ya Ƙare

Wata rana, ranar Asabar da hantsi, wani mutum mai suna Sagir ya shiga shagon aski a Kano, ya tarar gardama ta kaure.

Ba siyasa ba ce. Ba ƙwallo ba ce.

Fim ne.

Fim ɗin nan na jarumai masu baiwa da ake ta ɗoki, wanda saura mako uku ya fito. Kun dai san irinsu: kowane jarumi da nasa fim ɗin, amma duniyarsu ɗaya, yau wannan ya leƙa labarin wancan, gobe wancan ya leƙo nasa. Shekara goma sha shida ana jan zaren, yanzu an ce za a tara su duka a fim guda.

Tallan minti biyu kacal aka saki, amma mutanen shagon nan sun riga sun gama rubuta fim ɗin a ka.

Wani ya ce jaruma za ta mutu. Wani ya ce in ta mutu shi da silima har abada. Mai askin kansa ya tsaya da inji a hannu, ya bar kan bawan Allah rabi a aske, yana rantsuwa cewa inuwar da aka nuna a ƙarshen tallan ta wani jarumi ce da aka daɗe ba a gani ba.

Ba zan kawo sunansa na Turanci ba, don Sagir bai taɓa kiransa da shi ba.

A wajen Sagir, sunansa Gwauro.

Sunan nan daga Malumfashi ya samo asali, daga gidan kallon wani Malam Haladu.

Rumfa ce ta kwano a bayan tasha. Benci takwas, talabijin ɗaya mai ƙaton baya, fanka ɗaya da ke juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Bayan la'asar ake farawa.

Turancin Malam Haladu bai taka kara ya karya ba, amma shi ke tsayawa gefen talabijin yana fassara. Inda ya gane ya faɗa, inda bai gane ba ya cike da nasa. Wallahi wani lokacin nasa ya fi na masu fim ɗin daɗi.

Shi ya raɗa wa jaruman sunaye. Mai tashi sama cikin fararen kaya ya ce Balbela. Mai ɗaure maƙiya ya ce Mai Sarƙa. Wanda kuma kullum shi kaɗai yake yawo, ba mata ba gida, ya ce ai wannan Gwauro ne.

Sagir yana ɗan shekara ashirin a lokacin. A benci na uku yake zama, shi da amininsa Badamasi.

Sagir na Mai Sarƙa ne. Badamasi na Gwauro.

In an tashi, gidan su Badamasi suke wucewa, inda mahaifiyarsa, Inna Turai, ke dama musu fura. Sagir maraya ne, a hannun kawunsa ya tashi, don haka Inna Turai ta ware masa kwanon shansa na kansa, wani shuɗi mai ɗan lotsawa a gefe. Ko Badamasi ba ya taɓa shi.

To, Malam Haladu yana da wata al'ada.

Da zarar fim ya zo ƙarshe, rubutun sunaye ya fara hawa, sai ya zagaya baya ya kashe janareta. Ya ce shi bai sayi fetur don a karanta sunayen mutanen da ba a san iyayensu ba.

Kowa sai ya miƙe ya kakkaɓe riga.

Haka suka tashi. Rubutu ya fara, fim ya ƙare. Ko da Sagir ya girma ya koma kallo a waya, yana ganin layin farko na rubutu yake rufewa. Hannunsa ma ba ya neman shawararsa.

A fim na huɗu ne Gwauro da Mai Sarƙa suka yi faɗa. Mummunan faɗa. Gwauro ya juya baya ya kama hanya, kiɗa mai sanyi ya tashi, rubutu ya fara, Malam Haladu ya kashe janareta.

Ranar har fura ta tsinke suna gardama. Badamasi ya ce Gwauro zai dawo. Sagir ya ce wanda ya juya baya haka ya tafi ke nan. Inna Turai ta ce su dai su sha furarsu, mutanen cikin akwati ba su san suna yi ba.

A ƙarshe suka tafa, suka yi alkawari: duk ranar da aka tara jaruman nan a fim ɗaya, tare za su kalla, a ga mai gaskiya.

Ranar ce ta kusa.

Amma shekara shida ke nan Sagir da Badamasi ba su yi magana ba.

Shi ya sa da Sagir ya ji mai aski yana cewa Gwauro zai dawo, sai abin ya sosa masa inda yake masa ciwo. Ya tsoma baki. Ya ce su daina yaudarar kansu, mutumin nan tun fim na huɗu ya watsar da abokinsa, kuma bai waiwayo ba.



Wani dattijo mai furfura a gemu, da ke jiran layinsa a gefe, ya sauke tabarau ya dube shi.

"Malam, kana kallo har ƙarshe kuwa?"

"Har a fara rubutu."

"Ai bayan rubutun ne ya dawo."

Sagir ya ɗauka zolaya ce. Dattijon ya zaro waya, ya nemo wajen, ya miƙa masa.

Daƙiƙa arba'in ne kawai.

Rubutu ya gama hawa. Allo ya yi baƙi. Sai ga Gwauro ya dawo ta hanyar da ya bi, ya zo ƙofar gidan Mai Sarƙa. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa. Ya zauna a dakali yana jira a buɗe.

Shi ke nan.

Shekara goma sha biyu Gwauro yana zaune a dakalin nan, duk duniya ta sani, ban da 'yan gidan kallon Malam Haladu.

'Yan shagon suka yi ta dariya. Mai aski ya nuna Sagir ya ce a taimaka wa Alhaji da kujera, ashe rabin fim yake kallo tun yana saurayi. Sagir ya yi yaƙe.

Amma ba fim ɗin yake tunani ba.

Ko askin bai tsaya ba. Ya hau babur ya koma gida, ya wuce matarsa tana tambayar lafiya, ya jawo akwatin da yake tara tarkace. A can ƙasa ya samo tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi.

Ga abin da ya faru shekara shida da suka wuce.

Inna Turai ta rasu lokacin Sagir yana Legas, sabon aiki a wani kamfanin magunguna, an tura shi kwas. Ya ji tsoron neman izini. Ya tura wa Badamasi saƙon layi biyu, Allah ya jiƙanta, Allah ya ba da haƙuri. Ya ce a ransa in ya dawo zai je.

Kwana biyu bayan haka, Badamasi ya turo saƙon murya. Minti huɗu da 'yan kai.

Sagir ya kunna. Murya tana rawa, kalmomi masu zafi. Badamasi ya ce matar da ta ciyar da shi shekara da shekaru, layi biyu ne darajarta? Ya ce baƙi ma sun zo daga Funtuwa da Katsina. Ya ce bai taɓa jin kunyar abota ba sai ranar.

Daga nan muryar ta yi shiru.

Sagir ya ɗauka an gama. Ya rufe.

Kunya ta hana shi kira a makon farko. A wata na biyu kunyar ta rikiɗe ta zama fushi, ya fara gaya wa kansa ai shi ma an ci masa mutunci. Badamasi bai sake kira ba. Sallah ta zo ta wuce. Wata ta sake zuwa.

Haka ake rasa mutum yana raye.

Yanzu ga shi zaune a bakin gado, tsohuwar waya a jikin caja, yana jira ta kawo. 

Ta kawo. Saƙon yana nan. Ɗigon ya tsaya daidai inda ya bar shi, ko minti ɗaya bai cika ba.

Ya danna.

Shiru. Sai ƙarar numfashi. Sai kukan akuya can nesa, da muryoyin mata masu zuwa gaisuwa. Shirun ya yi tsawo har yatsansa ya sake ɗagawa zai rufe. Ya riƙe hannunsa da ɗaya hannun.

Sai muryar Badamasi ta dawo, a sanyaye.

"Ka yi haƙuri, Sagir. Zafi ne. Inna ta tambaye ka sau biyu kafin ta cika. Na ce mata kana hanya. Ta ce in ka iso a dama maka fura a kwanonka, kada a ba ka a na baƙi. Na ajiye kwanon. Ba zan sake kira ba, kada ka ga kamar ina matsa maka. Duk ranar da ka samu dama ka zo. Ina nan."

Sagir ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, irin wanda bai yi ba ranar rasuwar.

Washegari da sassafe ya shiga mota sai Malumfashi.

Ya fara bi ta bayan tasha. Rumfar Malam Haladu ta zama shagon siminti. Aka ce shi kansa ya kwanta dama shekara uku da suka wuce. Sagir ya tsaya daidai inda benci na uku yake a da, ya yi masa addu'a, ya yafe masa fetur ɗin da ya yi ta tattali.

Badamasi kafinta ne yanzu. Sagir ya same shi a ƙofar gida yana goge katako, ya yi ƙiba, sanƙo ya fara cin gaban kansa.

Ya yi sallama. Badamasi ya amsa, ya ɗago, ya daɗe yana kallonsa. Bai yi murmushi ba, bai kuma ɗaure fuska ba.

Duk jawabin da Sagir ya shirya a mota ya gudu. Abin da ya iya cewa kawai shi ne sai jiya ya ji saƙon har ƙarshe. Ya ba shi labarin shagon aski, da dattijon, da Gwauro a dakali. Ya ce halin Malam Haladu ya ɗauko, yana jin shiru ya kashe janareta.

Badamasi ya ajiye abin gugar. Ya shiga gida.

Sagir ya zauna a dakali yana jira. Bai san ko za a fito ba.

Can sai ga Badamasi da kwano a hannu. Shuɗi, mai ɗan lotsawa a gefe. Fentinsa ya koɗe, amma an wanke shi tas, fura a ciki har baki.

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Sagir yana sha, hawaye yana ɗiga. Can ya ce a nuna masa kabarin Inna in an yi la'asar. Badamasi ya gyaɗa kai.

Sai Sagir ya ce zai kama musu kujeru biyu a silima a Kano ranar da fim ɗin zai fito, kuma ba mai tashi sai masu shara sun kore su. Sannan ya tambaya, to in aka gama duka Gwauro bai fito ba fa?

Badamasi ya dube shi ta gefen ido.

"Ai ni na riga na ci gardamar. Ga shi nan ya dawo, yana shan fura."

Darasi:

Da yawanmu muna fushi da mutane a kan rabin magana. Mun ji zafin farko, mun miƙe mun kakkaɓe riga, alhali mai maganar bai gama ba. Wanda yake ƙaunarka yakan fara da faɗa, amma ba a nan yake tsayawa ba. Ka daure wa shirun, ka ji ƙarshe.

Sagir ya yi sa'a, ya tarar da nasa a raye. Ba kowa ke samun haka ba.

In akwai wani saƙo da ka bari a rabi, yau ka koma ka ƙarasa shi. Sannan ka tura wannan rubutu ga abokin bencinka na da, ko da kun daɗe ba ku gaisa ba. Musamman ma in kun daɗe.