Ranar da Na Ce a Ɗauko Makara

A lungunmu na Ƙofar Kibo mota ba ta shiga. Ko mai kurar ruwa sai ya yi dabara yake wucewa, in kuwa babura biyu suka yi kiciɓis, dole ɗaya ya ja da baya ana 'yan zage-zage. A wannan lungu ƙanena ya faɗo daga kan soro wata Asabar da hantsi, ana gab da faɗuwar damina.

Kafinta ne, saurayi mai ƙarfi, an ma sa masa ranar aure bayan babbar salla. Inna, mahaifiyarmu, ita ta dame shi da mita a kan indararon ɗakinta da ya toshe. Ya jingina tsani ta waje ya hau, tsanin ya zame da shi. Ina tsakar gida ina wanki na ji ƙarar faɗuwar, na zari hijabi da kumfa a hannuna na fita.

Na same shi rigingine, kansa a bakin kwata, idonsa biyu. Jini kaɗan ne a ƙeyarsa. Ya ce, "Yaya, wuyana."

Ni malamar firamare ce. Shekarar da ta gabaci wannan an tara mu an koya mana taimakon gaggawa, kuma gaskiya yawancinmu shinkafar da ake rabawa ce ta kai mu. Amma abu ɗaya ya zauna mini daram. Wanda ya faɗo daga sama ba a tashinsa zaune, ba a ba shi ruwa, a riƙe kansa kada ya motsa, a ɗauke shi a miƙe bisa abu mai ƙarfi. Na durƙusa na tallafe kansa da hannu biyu, na ce ya motsa mini yatsun ƙafarsa. Ya motsa su, dama da hagu. Da idona na gani.

Kafin in ɗago, lungu ya cika. Mutanenmu akwai tausayi, sai dai tausayin nasu ba ya iya tsayawa wuri ɗaya, dole sai hannu ya taɓa wani abu. Wani ya sheƙa masa ruwan buta a fuska. Wani ya kama hannunsa yana ja wai ko targaɗe ne. Inna ta fito babu ko takalmi, da kofin ruwa, tana neman ɗaga kansa ta ɗura masa. Ina ture wannan, ina roƙon wancan, har muryata ta dushe.

Sai ga Kawu, yayan Inna, ya taso daga shagon yadinsa. Tun rasuwar mahaifinmu maganarsa ce doka a gidanmu, kuma mutum ne da bai taɓa cewa bai san abu ba. Ya dubi ƙanena ya ce, "Me kuke jira? Ku tashe shi zaune ya sha iska. Namiji ne fa. A kira ɗan acaɓa."

Na ce, "Kawu, don Allah kada a tashe shi. Wuyansa ne. A kwance za a ɗauke shi, a kan katako."

"To ina katakon?"

Na waiga. Ƙofar gidanmu ta ƙarfe ce, a cikin siminti take. Bencin mai shayi ko faɗin bayansa bai kai ba. Tabarma lanƙwashewa za ta yi. A duk unguwar abu ɗaya ne aka yi shi don ɗaukar mutum a miƙe ta waɗannan lunguna, maza huɗu su saɓa shi har bakin titi, kuma yana jingine a bayan masallaci, ina hango shi daga inda nake.

Na ce, "A ɗauko makarar masallaci."

Marin da ya sauka a kumatuna na Inna ne, da hannun da ta saki kofin. Ta ce, "Ɗan nawa? Da ransa? Yana magana kina kira masa makara? Me ya yi miki?"

Kawu ya ce, "A'uzu billahi. Abin da bokon ya koya miki ke nan? Ku janye ta daga nan."

Ban saki kansa ba. Ɓamɓare mini yatsu aka yi ɗaya bayan ɗaya, mata biyu maƙwabta suka ja ni zuwa zaure suna cewa in yi istigfari. Daga nan na ga an cusa hannu a hammatarsa an ɗaga shi, kansa ya langaɓe gaba, ya yi wata ƙara da har yau ba na son tunawa. Aka ɗora shi a babur, wani maƙwabci ya hau baya ya rungume shi, ƙafafunsa na jan ƙasa. Jama'a suka bi su da addu'a, kowa na ganin an yi abin kirki.

Na bi su a keke napep. Da na isa asibiti na tarar likita yana tsikarin tafin ƙafarsa da allura yana tambayarsa ko yana ji. Ba ya ji. Aka hau da allurar zuwa gwiwa, zuwa cinya, duk bai ji ba. Likitan ya tambayi yadda aka kawo shi. Kawu ya gyara babbar riga ya ce, "Ai ba mu ɓata lokaci ba, likita. A babur muka sheƙo da shi." Likitan ya dube shi ya daɗe, sannan ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Aka dawo da ƙanena gida bayan damina ta yi nisa, a keken guragu. Dangin yarinyar da zai aura suka maido da kayan sa rana cikin mutunci, suka ce Allah ya ba shi lafiya. Masu zuwa dubiya kuwa sai sun biya shagon Kawu sun yi masa sannu da ƙoƙari. Ni aka sa wa suna. Daga Ƙofar Kibo har Ƙofar Jatau ni ce wadda ta yi wa ƙanenta baki, wadda ta kira masa makara yana numfashi. Inna ta daina cin abincin da na dafa. In na gaishe ta, sai ta amsa tana duban bango. Haushi ya ci ni har na rame, don ban san wanda zan shaƙe ba.

Wata rana da la'asar Inna tana salla, na shiga ɗakin ƙanena na juya shi saboda gyambon kwanciya, na zauna ina shafa masa man kaɗanya a ƙafafu. Sun sirance, sun yi sanyi. Yana kallon rufi ya ce, "Yaya, na san lokacin da suka tafi."

Na ce, "Su wa?"

"Ƙafafun. Har muka fita lungu ina jin takalmina yana gogar ƙasa. Da muka faɗa ramin nan na bakin Ƙofar Kibo, sai na ji wani abu ya yi ƙas a wuyana. Shi ke nan."

Na miƙe tsaye. Na ce wallahi yanzu zai maimaita wannan magana a gaban Inna da Kawu, kowa ya ji.

Ya ce, "Zauna. Ba zan faɗa ba, ke ma ba za ki faɗa ba. Ita ta aike ni kan soron, yayanta ya ɗora ni a babur. In ta sani, ba za ta kai baɗi ba. Bar ta ta ci gaba da jin haushinki. Ke za ki iya ɗauka."

Ko tambayata bai yi ba ko na yarda. Na zauna, na sake lakato man. Sai labule ya ɗaga, Inna ta leƙo da carbi a hannu, ta ce, "Cire hannunki daga jikin ɗana."

Na dubi ƙanena, ya kawar da kai. Na cire.